Waya ta Mai Ita, Saiti na Kamfani

A shekarar 2022 kaɗai, kamfanin Google ya biya kamfanin Apple dala biliyan 20 saboda wani ɗan layi guda da ke cikin saitin iPhone. Yarjejeniyar ita ce a bar Google a matsayin injin binciken da manhajar Safari za ta riƙa buɗewa da shi tun daga ranar da aka ciro waya daga kwali. Adadin ya fito fili ne a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, wadda alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci a kanta a watan Agustan 2024, inda ya ce kamfanin ya yi babakere a harkar binciken intanet ta hanyar da ta saɓa wa doka. Canza wannan layi ba ya ɗaukar mai waya minti ɗaya. Duk da haka Google ya zuba wannan dukiya, domin ya san cewa galibin mutane ba za su taɓa shiga su canza ba.

Masu nazarin ɗabi'ar ɗan'adam sun daɗe da gane wannan hali. A 2003, Eric Johnson da Daniel Goldstein suka kwatanta ƙasashen Turai a kan batun ba da kyautar sassan jiki bayan mutuwa. A Jamus, inda sai mutum ya cike takarda kafin a sa shi cikin masu bayarwa, kashi 12 cikin 100 ne suka shiga. A maƙwabciyarta Ostiriya, inda kowa ke ciki sai wanda ya nemi a cire shi, kusan kowa ya zauna. Harshe ɗaya, al'ada kusan ɗaya, amma zaɓin da aka tarar a takarda ya raba sakamakon. Mutum yakan rungumi abin da ya iske an riga an zaɓa masa.

Wannan shi ne halin da yawancin masu waya suke ciki. Likita ko lauya ko malamin jami'a zai kashe kuɗin da ya kai albashin wata guda ya sayi waya, ya shekara uku yana amfani da ita a kan tsarin da wani injiniya ya zaɓa a Shenzhen ko Kalifoniya. Injiniyan ya yi zaɓinsa ne da la'akari da abu biyu: abin da zai kawo wa kamfani riba, da abin da zai dace da mai sayen da yake hasashe, wanda ke da intanet mara iyaka a gida da wutar da ba ta ɗaukewa. Mai waya a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ya cikin wannan hasashe. Saboda haka rabin awar da mutum zai ɓata a cikin saiti ta fi masa amfani fiye da sauya waya, kuma ga wanda wayarsa ke riƙe da asusunsa da amanar mutane, wannan rabin awa wajibi ce ta aiki.

Layin waya ya zama mabuɗin asusu

Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, hukumar sadarwa ta NCC kuma ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN a Disambar 2020, lambar wayar mutum ta zama shaidarsa. Ta nan banki ke aiko da lambar tabbatar da ciniki, ta nan ake sabunta kalmar sirrin da aka manta, ta nan ake tura kuɗi ta lambobin USSD ko da babu data. Masu ƙwacen waya, waɗanda suka addabi unguwannin Kano da wasu birane a shekarun nan, sun fahimci haka. Wayar kanta a sassa ake sayar da ita da arha. Abin da ya fi daraja shi ne ɗan katin da ke cikinta.

Zanen yatsa da hoton fuska da zanen makulli duk suna tsare wayar ne. Ba su da iko a kan katin sim. Ɓarawo zai zare katin ya sa a wata ƙaramar waya mai madannai, nan take saƙonnin banki su fara shigo masa. Maganin wannan ya girmi wayoyin zamani: lambar sirri ta katin sim, wadda ake kunnawa a sashen tsaro na saiti. Da zarar an kunna ta, duk wayar da aka sa katin a ciki sai ta nemi lambar kafin layin ya yi aiki. Kuskure uku a jere yana rufe katin, sai an kawo lambar PUK mai alƙaluma takwas da ke jikin kwalin da aka sayo layin a ciki, kuskure goma a kan PUK kuma yana kashe katin har abada. Don haka akwai ƙa'ida kafin a fara: kowane kamfani yana da lambar farko da yake bai wa layukansa, sai a tambaya ta lambar 300 ta kula da abokan hulɗa, a kuma ajiye PUK a takarda a gida, kada a yi ta cinke.

Akwai wata ɓaraka ta kusa da wannan. Wayoyi da yawa suna nuna cikakken saƙo a fuskarsu ko da suna kulle. Wanda ya tsinci wayar, ko abokin aikin da aka bar ta a teburinsa, zai iya karanta lambar da banki ya aiko ba tare da ya buɗe komai ba. A sashen sanarwa akwai zaɓin ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa har sai an buɗe wayar. Dannawa biyu ne.

Haka batun WhatsApp. Hanyar da ake ƙwace shi ta zama sananniya: wani ya kira, ya ce shi ɗan zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na ƙungiyar ma'aikata, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo lamba mai alƙaluma shida, a karanto masa don ya yi rajista. Lambar nan ita ce ta ɗora asusun a sabuwar waya. Kafin mai shi ya farga, an aika wa 'yan'uwa da abokai cewa yana cikin matsala, a taimaka da dubu hamsin zuwa gobe. Mutane suna turawa saboda sunansa da hotonsa suka gani. Tun 2017 WhatsApp ya samar da tabbatarwa mai mataki biyu, wato wata lambar sirri da mai asusu ke zaɓa da kansa, wadda ba a aiko ta a saƙo, kuma dole a shigar da ita kafin a ɗora asusun a wata waya. Tana ƙarƙashin sashen asusu a saitin manhajar, kuma a kashe take zuwa. Wanda ya kunna ta ya haɗa da adireshin imel ɗinsa ya toshe babbar ƙofar wannan damfara. Abin da ake tsarewa a nan ya haɗa da aljihun duk wanda ya yarda da sunan mai asusun.

Asusun da wani ya buɗe

Al'ada ce a kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano: an sayi waya, sai a miƙa wa yaron shago ya saita ta. Shi zai buɗe adireshin Gmail, shi zai zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma lambarsa zai sa a matsayin ta neman asusu idan an manta. Mai waya ya karɓa ya tafi, bai san adireshin ba balle kalmar. Yaron yawanci taimako ya yi da zuciya ɗaya. Amma sakamakon shi ne lambobin mutum da hotunansa da ajiyar hirarrakinsa suna cikin ɗakin da mabuɗinsa ke hannun wani, ko kuma ya ɓata gaba ɗaya.

Ranar da waya ta ɓace ake gane girman wannan. Tsarin Google na neman waya, da takwaransa na Apple, suna iya nuna inda take a taswira, su kulle ta daga nesa, su goge abin da ke ciki. Dukkansu suna buƙatar mai waya ya san asusunsa. A 2024 Google ya ƙara wa wayoyin da ke kan Android 10 zuwa sama wani makulli da ke lura da motsin fizge: idan aka warce waya daga hannu aka ruga da gudu ko a kan babur, fuskarta sai ta kulle da kanta. A Janairun wannan shekarar Apple ya fito da kariyar wayar da aka sace a iOS 17.3, wadda ke hana canza muhimman abubuwa a wurin da wayar ba ta saba da shi ba sai da fuska ko yatsan mai ita. Duk biyun sai an shiga saiti an tabbatar suna kunne. Sai kuma lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ake gani ta danna *#06#. Ita ce shaidar wayar a wurin 'yan sanda, kuma wurin ajiyarta takarda ce, tunda wadda aka adana a cikin wayar tare da wayar za ta tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Izinin da ake bayarwa ba karatu

Kowace manhaja tana neman izini: ta ga lambobin da ke waya, ta buɗe kyamara, ta saurari makirufo, ta san inda mutum yake. Yawancin mutane suna danna amincewa don a wuce wurin. Manhajojin ba da bashi sun nuna abin da wannan dannawa ke iya jawowa. Sun riƙa kwashe lambobin wanda ya ci bashi, idan ya makara kwana biyu sai su aika wa surukansa da shugabansa a ofis saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen watan Mayun 2023. A watan Yunin wannan shekarar Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a. Matakan sun rage ɓarnar, sai dai manhajar da aka tura wa mutum ta WhatsApp ko aka ɗora masa a shago ba ta bi ta kan shingen Google ba.

Kayan kariyar suna nan cikin waya. Daga Android 10 ana iya taƙaita sanin wuri ga lokacin da ake amfani da manhaja kawai. Android 11 ya kawo izini na sau ɗaya. Android 12 ya ƙara wani shafi da ke nuna manhajojin da suka taɓa kyamara da makirufo da wuri cikin awa 24 da suka wuce, da ɗigon kore da ke bayyana a saman fuskar waya duk lokacin da kyamara ko makirufo ke aiki. Mai iPhone yana da irin wannan ɗigo tun iOS 14. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin aikin manhajar yana buƙatar abin da ta nema? Taswira tana da hujjar sanin wuri. Manhajar tocila ko ta lissafi ba ta da hujjar ganin lambar kowa. Ga ɗan jarida mai majiyoyi, ko lauya mai sirrin waɗanda yake karewa, ko likitan da marasa lafiya ke turo wa sakamakon gwaji, wannan tambaya ta shafi amanar sana'a kai tsaye.

Data da batir: tsarin da aka yi wa wata ƙasa

A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Tun daga lokacin ƙorafin cewa data tana ƙarewa da wuri ya ƙaru. Wani ɓangare na amsar yana cikin saiti. Waya tana ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin intanet na kyauta mara iyaka, domin haka yake a gidajen da aka yi tsarin dominsu. Da ta gan shi sai ta saki jiki: ta sabunta manhajoji, ta ɗora hotuna a ma'ajiyar intanet, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka zuba a zaurukan dangi da na unguwa. A nan kuwa, abin da ake kira Wi-Fi sau da yawa 'yar na'urar MiFi ce ko wayar abokin aiki da aka jona, kuma ana ƙirga kowane megabait. A Android ana iya shiga bayanin wannan Wi-Fi a sa masa alamar cewa na awo ne. A iPhone akwai yanayin rage data tun iOS 13. Haɗe da kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, da kashe bidiyon da ke kunna kansa a Facebook, da tsarin tsimin data da Android ke da shi tun 2016, bambancin yana fitowa a ƙarshen wata. Wanda kuma saƙonnin talla suka dama zai iya aika STOP zuwa 2442, lambar da NCC ta ware don haka.

Batir ma yana da nasa labarin. Apple ya ce an tsara iPhone ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, zafin da ya zarce haka kuma yana iya rage ƙarfin batir dindindin. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40. Waya a gaban mota cikin rana, ko tana caji a ƙarƙashin matashi, tana tsufa kafin lokacinta. Sababbin wayoyi da yawa suna da zaɓin tsayar da caji a kashi 80, wanda ke tsawaita rayuwar batir. Sai dai a nan hukunci na mai waya ne: wanda ke aiki kusa da soket mai wuta zai amfana, wanda bai san ranar dawowar wuta ba ya fi buƙatar cikakken caji. Amfanin sanin saiti ke nan, mutum ya auna da halin da yake ciki.

Harshe da hankali

Akwai saitin da ya shafi mai rubuta Hausa musamman. Allon rubutun da waya ke zuwa da shi na Turanci ne, shi ya sa ake ta aika saƙonnin da ba a rarrabe baki da baƙi, ko kasa da ƙasa, ko bari da ɓari, gyaran kai tsaye kuma yana mayar da kalmomin Hausa wasu abubuwan daban. Allon Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa. Da an ƙara ta, ƙ da ɗ da ɓ suna samuwa, allon kuma ya fara hasashen kalmomin Hausa. Ma'aikacin da ba zai yarda ya aika takardar Turanci da kuskuren harafi ba, bai kamata ya ɗauki rubutun harshensa da sakaci ba, alhali gyaran na minti biyu ne.

Sai batun sanarwa. Kowace manhaja tana so a buɗe ta, domin da yawan buɗewa ake auna darajarta a wurin masu talla. Tun 2018 Android da iPhone suna da shafin da ke ƙirga awannin da aka kashe a kowace manhaja da yawan sanarwar da ta aiko, kuma daga Android 13 sai manhaja ta nemi izini kafin ta fara aikowa. Ana iya tsara yanayin shiru ya kunna kansa a lokutan salla ko taro ko barci, a ware iyaye da iyali kiransu ya riƙa shigowa. A kusa da nan ne kuma ake rubuta bayanin gaggawa: rukunin jini, ciwon da ake fama da shi, da lambar wanda za a kira, waɗanda ake iya gani ko da waya tana kulle. Ga mai yawan bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ko Kano zuwa Katsina, wannan shafi na iya zama abin da zai sanar da iyalinsa idan hatsari ya auku.

Nauyin wa?

Mai ƙalubale zai ce wannan duk ɗora wa mai saye laifin kamfani ne. Me ya sa ba za a kunna kariyar tun daga masana'anta ba? Me ya sa wasu wayoyi masu arha ke zuwa cike da manhajojin talla da ba a iya gogewa? Maganar tana da ƙarfi. Lokacin da Apple ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin bibiyar mutum a 2021, kamfanin Meta ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa canjin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Sauyi ɗaya daga sama ya yi abin da wa'azin shekaru bai yi ba. Don haka hukumomi irin su NCC da hukumar kare bayanai suna da hurumin neman kamfanonin layi su riƙa bayyana lambar sirrin sim ga duk mai sayen sabon layi, masu kawo waya kuma su rage abin da suke cusawa.

Gaskiya ne kuma cewa saiti yana da iyaka. Ba ya hana ɓarawo mai wuƙa tilasta wa mutum ya buɗe wayarsa, kuma a wannan hali rai ya fi waya. Sunayen sassa sun bambanta tsakanin Tecno da Samsung da iPhone, ko da yake akwai akwatin bincike a saman shafin saiti da ke kai mutum inda yake nema. Lambar sirri kuma tana iya zama tarko ga dattijon da ke mantuwa.

Amma waɗannan hujjoji suna ƙara wa mai ilimi nauyi ne. Kafin dokar da ake jira ta zo, asusun da za a kwashe na mutum ne, sunan da za a yi damfara da shi nasa ne. Kuma a kowane gida akwai wanda ake miƙa wa waya idan ta rikice, yawanci wanda ya yi karatu. Shi ne zai zauna da mahaifiya ya kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu, ya rubuta lambobin a littafi ya ajiye a inda za a samu, ya gaya mata cewa duk wanda ya kira yana neman lamba shida, ko da sunan wa ya zo, a kashe wayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar da ke jikin waya an san inda suke.

Idan rabin awar ta yi yawa, abubuwa huɗu sun isa a fara da su: lambar sirrin katin sim, tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, sanin adireshi da kalmar sirrin asusun da wayar ke kai, da duba manhajojin da ke ganin lambobin mutane. Sauran za su iya jiran Asabar mai zuwa. Waɗannan huɗun kuwa amfaninsu yana ga wanda ya yi su tun wayar tana hannunsa.